Aure Ya Mutu, Ina Uban Yara Ya Shiga?

Ranar jajibirin ƙaramar Sallah, da la'asar sakaliya, na raka wani magidanci da na daɗe da sani, mai sayar da katako a kasuwar Dei-Dei, zuwa gidan tsofaffin surukansa a Gwagwa. Yana riƙe da leda mai ɗauke da ɗinkin yaro da hula da takalmi. Wata takwas ke nan da ya saki matarsa, kuma tun ranar da ta kwashe kayanta bai sa ɗansu a ido ba. Da muka isa bai shiga zaure ba, sai ya tsaya daga gefe ya aiki wani yaro ya ce ana sallama da Malam. Malam bai fito ba. Yayan matar ne ya fito, aka gaisa sama-sama, ya koma ciki ya riƙo hannun yaron, ɗan shekara huɗu. Mutumin ya durƙusa ya miƙa hannu biyu ya ce, "Zo mana, Babana, ba ka gane ni ba?" domin sunan mahaifinsa ya sa masa. Yaron ya dube shi, ya ɓuya a bayan rigar kawunsa, ya ƙi fitowa. Da aka gwada takalmin kuma sai ya yi masa kaɗan. A hanyarmu ta komawa bai ce uffan ba sai da muka kusa titi, sannan ya ce da ni, "Ka gani ko? Sun riga sun zuga shi. Ni ba zan sake zuwa a wulaƙanta ni ba. In ya girma zai neme ni."

A ganina babu wanda ya zuga yaron. Ƙiwa ce irin wadda ƙaramin yaro yake yi wa fuskar da ya daɗe bai gani ba, kuma da mutumin ya dawo bayan mako guda, ya sake dawowa bayan wani makon, da ta wuce. Ba kuma zan ce ba ya son ɗansa ba, domin na ga yadda idonsa ya kaɗa ya yi ja. Shi ya sa bayanin da muka saba yi, cewa maza ba su da tsoron Allah, bai gamsar da ni ba. Akwai waɗanda ya dace da su, amma bai nuna dalilin da zai sa mutumin da ba ya rasa sahun farko a masallaci ya yi shekara uku bai san ajin da 'yarsa take ba, alhali wani da bai kai shi samu ba, wanda aurensa ma ya mutu da rigima mafi muni, yana tsaye a kan 'ya'yansa har su yi aure. Bambancin yana cikin yadda aka gina ubantakar tun aure yana raye, da abin da mutum ya fahimta idan ya ce "ɗana", da irin ƙofar da zai bi kafin ya kai ga yaron bayan an rabu.

A mafi yawan gidajenmu uba yana isa ga 'ya'yansa ne ta hannun uwarsu. Ita ce ta san wanda ba ya cin kuɓewa da wanda malamin Islamiyya ya yi ƙorafi a kansa, ita ce take gaya masa cewa takalmin wane ya tsinke, kuɗin jarrabawar wance ya zo, shi kuma ya ciro ya bayar. Al'ada ta ƙara nisa a kan wannan, domin an tashe mu a kan cewa uba yana kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban manya, kuma namijin da aka gani yana yi wa jariri wanka yakan sha zunɗe. Rayuwar Abuja ta zo ta cika sauran. Magidancin da yake zaune a Mararaba ko Masaka yana aiki a Wuse ko Garki yakan fita da an idar da sallar asuba don ya riga cunkoson hanyar Nyanya, ya dawo bayan isha'i ya tarar yara sun yi barci. Irin wannan uba yana iya shekara goma yana ciyarwa da tufatarwa ba gazawa, amma bai taɓa zama da ɗansa su biyu na tsawon sa'a guda ba. Ranar da uwar ta bar gidan, ta tafi da hanyar da yake bi zuwa ga yaran, ko an kawo masa su ziyara sai ka ga bayan "ya makaranta?" da "ungo ku sayi alewa" ya rasa abin da zai ce musu.

A kan wannan kuma ga wata fahimta da ta yi jijiya a cikinmu, cewa ɗa na uba ne. Ta fuskar nasaba da walicci maganar gaskiya ce, amma an miƙa ta har ta haɗiye abubuwa biyu da shari'a ta ware daban, wato riƙo da ciyarwa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke hukunci da ita, riƙon yaro bayan saki haƙƙin uwa ne. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda kusan duk wanda ya yi karatun zaure ya bi ta kanta, ta faɗa a fili cewa riƙo yana hannun uwa har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, kuma idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure sai ya koma ga kaka, sannan ga 'yar'uwar uwa. Ciyarwa kuwa tana wuyan uba a duk tsawon lokacin, ko a ɗakin wa yaron yake kwana. Mukhtasar na Khalil ya ƙara da cewa mai riƙo ce take karɓar kuɗin ciyarwar, masu sharhi kuma suka bayyana cewa uba ba shi da ikon cewa a riƙa turo yaron ya ci a gidansa ya koma. Duk da haka littafin bai tsayar da uba a kan biyan kuɗi ba, ya ba shi haƙƙin bibiyar ɗansa da ladabtar da shi da tura shi makaranta alhali yana hannun uwar. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar, bayan ya rabu da wata matarsa daga cikin Ansaru, ya je Ƙuba ya tarar da ɗansu Asim yana wasa a harabar masallaci, sai ya kama damtsensa ya ɗora shi a gabansa bisa abin hawansa. Kakar yaron ta cim masa ta yi jayayya da shi har suka je gaban Sayyidina Abubakar, kowa yana cewa ɗansa ne. Abubakar ya ce ya bar mata shi, Umar kuma bai mayar da magana ba.

Abin da ake ji a bakin maza a zaman sulhu da harabar kotu daban ne. "Ko ta ba ni 'ya'yana, ko ta ci da su." "Ni ba zan yi wa wani ƙato kiwo ba." "Da kuɗina za ta yi kwalliyar zawarci." Duk maganganun nan tushensu ɗaya: mutumin ya ɗaure ciyarwa a jikin mallaka, yana ganin abin da ba ya ƙarƙashin inuwarsa ba nauyinsa ba ne, kuma duk nairar da ya tura tana faɗawa ne hannun matar da yake jin haushi. Daga nan abin yakan bi wata hanya da na sha gani. Watan farko ya hana kuɗi don ya hora ta. A wata na uku ya so ganin yaran, sai ya tuna cewa in ya je za a yi masa maganar abin da bai bayar ba, sai ya ɗage tafiyar zuwa lokacin da zai samu abin riƙewa. Kafin ya samu, bashin ya zama na wata shida, kunyar ta ninku, har kiran waya ya yi masa nauyi. Bayan shekara sai ya soma gina wa kansa hujja, cewa an raba shi da 'ya'yansa, cewa dangin uwarsu ba mutanen kirki ba ne. Mafi yawan waɗanda na sani sun ɓace wa 'ya'yansu ba su taɓa zama suka yanke shawarar ɓacewa ba, da ɗage-ɗage suka yi nisa.

Akwai janyewa ta biyu da ba mu cika kiranta da sunanta ba. Uba ya ƙwace yara ranar saki, ko da zarar an yaye na goye, alhali shi fitar asuba yake yi, sai ya kai su ƙauye wurin tsohuwarsa da ƙarfinta ya ƙare, ko ya miƙa wa matar da ba a shawarce ta ba, ko ya haɗa namijin da allo ya kai shi tsangaya a wani gari. A idon mutane ya riƙe 'ya'yansa, har ana yaba masa. Yaron kuwa ya rasa ɗumin uwa bai samu kulawar uba ba, kuma wannan ta fi wancan ɓoyuwa domin babu wadda za ta kai ƙara.

Ba adalci ba ne a ɗora komai a kan namiji, domin ƙofar da zai bi tana hannun wasu, kuma sau da yawa a rufe take. Sai dai yadda aka yi sakin ne yakan yanke ko za ta buɗu. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka yi wa saki daga ɗakinta a lokacin idda, ta kuma hana ta fita da kanta, kuma ko da ba a kai ga mayar da auren ba, watannin nan kan ba da sararin da zuciya za ta sauka a tsara maganar yara: wa zai riƙe, nawa za a riƙa bayarwa, yaushe za a riƙa kawo su. A aikace sakinmu yakan zo cikin fushi, a takarda ko a saƙon waya, wani lokaci uku a tare, gari na wayewa mace ta nemi motar kwasar kaya. Dattijon da ya ci bashi ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, ya wayi gari ta dawo masa da yara uku ba ko sisi, ba abin mamaki ba ne in ya ƙi fitowa zaure. Ita ma matar, wadda take kwana da yunwar yaran da zazzaɓinsu, tana iya ganin wanda bai kawo hatsi ba bai cancanci a yi wa yara wanka a kai masa ba. Ina fahimtar wannan zafi, amma idan ya kai ga sauya lambar waya, ko ɓoye yaro ranar da uban ya ce zai zo, ko cusa masa cewa "ubanka ya yar da kai", to yaron ne yake biyan bashin da ba shi ya ci ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta haɗa ɓangarorin biyu a jumla guda, kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa.

Ga wata matsala ta zahiri da ba a cika kula da ita ba, wato inda uba da ɗa za su zauna. Bayan idda matar ta zama bare a gare shi, ba zai shiga ɗakinta ba, in ta yi aure kuwa ƙofar gidan wani namiji ce, tsayuwa a nan tana jawo zargi. Abin da ya rage shi ne minti goma a bakin ƙofa, a tsaye, a gaban kawu da maƙwabta masu leƙe. Wani masani a Kanada, Edward Kruk, ya wallafa a farkon shekarun 1990 sakamakon hirar da ya yi da maza 80 da aurensu ya mutu a Kanada da Birtaniya, inda ya tarar cewa waɗanda suka fi shaƙuwa da 'ya'yansu lokacin aure sun fi saurin yanke hulɗa bayan rabuwa, domin komawa baƙo mai ziyara ya fi yi musu ciwo, kowace sallama tana zame musu sabon rashi. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne shaƙuwa takan ba uba dalilin zuwa, amma in ba a ba ta wurin zama ba sai ta koma ciwon da ake gudu. A nan ne matan gidan su mijin suke da tasirin da ya wuce yadda ake zato. Idan mahaifiyarsa ko yayarsa ta riƙe mutunci da tsohuwar surukarta, tana kiranta a waya, tana zuwa da kanta ta ɗauko yara ranar Juma'a, to ɗakinta ya zama wurin da uba zai ci tuwo a kwano ɗaya da 'ya'yansa ba tare da kowa ya ji an taka shi ba. Idan kuwa su ne suka hura wutar sakin, hanya ta toshe gaba da baya.

Nisa ma yana da nasa rabo, kuma Abuja ta fi yawancin garuruwa wannan matsala, domin Bahaushen Abuja galibi neman abinci ko aiki ne ya kawo shi, matar kuma daga gida aka ɗauko ta. In aure ya mutu ba ta da wurin zama a garin da ake biyan hayar shekara gaba ɗaya, sai ta koma Zariya ko Funtuwa ko Azare da yaranta. Malaman Malikiyya sun hango haɗarin nisa, shi ya sa suka ɗauki ƙaura ta dindindin da ta kai baridi shida, wato mil 72, a matsayin abin da zai iya taɓa haƙƙin riƙo, domin sun gina hukuncin ne a kan cewa uba yana kusa yana sa ido. Yau tsakanin uba da ɗa akwai tafiyar yini da kuɗin motar da ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ziyarar kowane wata sai ta koma ta Sallah zuwa Sallah. Waya ta rage wani abu, amma wayar tana hannun uwar, duk mai son jin muryar ɗan shekara biyar sai ya fara jin tata.

Talauci gaskiya ne kuma ba zan raina shi ba. Mafi ƙarancin albashi tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma wanda yake ɗaukar wannan, balle mai tura baro da ba shi da albashin ma, in aka ce ya riƙe tukunya biyu a gari biyu sai ya yi nishi. Ga namijin da aka tasa a kan cewa darajar uba tana cikin abin da ya riƙo, zuwa wurin yara hannu rabbana ya fi rashin zuwa ciwo. Amma aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ cewa ta yi mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki kuma ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Kuma da talauci ne kaɗai dalili, da ba mu ga abin da muke gani a Maitama da Gwarinpa ba, inda uba yake tura kuɗin makaranta mai tsada ta banki a kan lokaci, direba ya kai buhun shinkafa, amma yaro ya gama sakandare uban bai taɓa taka makarantar ba. A 1999 Paul Amato da Joan Gilbreth sun tattara sakamakon bincike 63 a kan iyaye mazan da ba sa zaune da 'ya'yansu, suka ga cewa yawan ziyara shi kaɗai ba ya nuna yadda yaro zai kasance. Abin da ya fi tafiya tare da ƙoƙarinsa a karatu da natsuwarsa shi ne uban ya biya kuɗin ciyarwa, yaron ya ji kusanci da shi, uban kuma ya ci gaba da aikin uba na haƙiƙa, ya saurara, ya duba karatu, ya kafa iyaka, ya tsawatar. Wannan bai yi nisa da bibiya da ladabtarwa da makarantar da Khalil ya ambata tun ƙarnuka da suka shuɗe ba.

Sabon aure shi ne mararrabar da aka fi rasa iyaye maza a kanta. Namiji a cikinmu ba ya daɗewa a gwauranci, kuma da zarar amarya ta haihu sai aljihu ɗaya ya fuskanci kukan da ake ji a cikin ɗaki da kukan da sai an buga waya ake ji. Na kusa ne yake rinjaye, ko da babu mugunta a ciki. Amaryar da take ɗaukar kowane kira zuwa ga uwar yaran a matsayin share fagen kome za ta sa ido a kan wayar, mijin kuma don neman zaman lafiya sai ya rage kira. Ta ɓangaren uwar, aurenta da wanda yake bare ga yaron yana sauke haƙƙinta na riƙo, bisa hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa wata mata ita ta fi cancantar ɗanta matuƙar ba ta yi aure ba. Nan ma wasu sukan tsallake kaka su ce yaro ya dawo hannunsu kai tsaye, wasu kuma su bar shi ya bi uwar ya zama agola, su ɗauka tunda wani yana ci da shi nauyi ya sauka, alhali mijin uwa alheri yake yi, wajibin yana nan inda yake.

Doka ba ta yi shiru ba. Kotunan yanki na Abuja suna sauraron ƙarar riƙo da ciyarwa tsakanin Musulmi, a samansu akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Babban Birnin Tarayya, masu auren rajista kuma dokar shari'o'in aure ta 1970 ce take aiki a kansu. Dokar haƙƙin yara ta 2003, wadda take aiki kai tsaye a Abuja, ta sa maslahar yaro a gaba, sannan dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, a sashe na 16 ta mai da yin watsi da iyali ba tare da abin rayuwa ba laifi mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da za ta iya kai naira 500,000, ko duka biyun. Inda gizo yake saƙar shi ne aiwatarwa. Birtaniya ta kafa hukuma ta musamman tun 1993 don karɓo kuɗin ciyarwa daga iyayen da ba sa tare da yara, a nan kuwa uwa ce take bin hukunci da ƙafarta. Alƙali ya yanke adadi, a biya wata biyu a daina, ta ranto kuɗin mota ta dawo a sake sammaci, a ce mutumin ya tashi daga Karmo ya koma Suleja ko Mararaba, wato ya shiga jihar Neja ko Nasarawa, ita kuma tana Katsina. Maza da yawa kuma suna ɗaukar sammaci a matsayin tozarci, su ce tunda ta kai su kotu, kotu ta zama uban yaran. Ni ban ga laifin matar da ta kai ƙara ba, domin haƙƙin da ta nema na yara ne, ba ta ma da ikon yafe shi a kan yunwarsu.

Wani tela da nake kai wa ɗinki a Kubwa ya rabu da matarsa shekara bakwai da suka wuce, suna da 'ya'ya mata biyu. Shagonsa yana jikin gidan da suke haya, don haka yaran a gabansa suka yi rarrafe, cikin ƙyallaye da ƙarar keke. Da idda ta cika sai ya ɗauki baffansa suka je wurin mahaifin matar, aka rubuta komai a takarda: abin da zai riƙa bayarwa duk wata, kuɗin makaranta da zai riƙa biya kai tsaye, da cewa yaran za su riƙa wuni a gidan yayarsa duk Asabar. Ya gaya mini cewa da za su tashi dattijon ya ce masa, "Aure ne ya ƙare, ɗana, jini bai ƙare ba. Gidan nan ba a rufe maka shi ba." Watan da kasuwa ta yi sanyi yakan kira tun kafin rana ta zo ya ce, "Baba, wannan watan rabi ya samu, a yi mini haƙuri, zan cika." Da zai sake aure, tun kafin a yanka sadaki ya gaya wa iyayen yarinyar cewa yana da 'ya'ya biyu kuma kason su ne yake fara fita. Da uwar ta yi aure yaran suka koma ɗakin kakarsu, bai ja ba. Har yau akwai abin da yake riƙe da shi a zuciya game da tsohuwar matarsa, a shekara bakwai maganarsu ba ta wuce gaisuwa ba, amma ya ajiye wannan a gefe guda, yaran a wani gefen. Shi yake ɗinka musu kayan makaranta, awonsu yana cikin littafinsa, kuma duk farkon zango sai ya sake aunawa.

Maganar nan ta "in ya girma zai neme ni" kuwa takan tabbata, shi ya sa maza suke jingina da ita. A ƙasar nan asalin mutum yana bin na ubansa, don haka ranar da yaro zai nemi gurbin jami'a ko aikin ɗamara sai an buƙaci takardar shaidar ƙaramar hukumar uban, kuma ranar da yarinya za ta yi aure sai an nemi waliyyi daga dangin uba. A ranar ɗaurin auren uban ko ɗan'uwansa ne yake zama a gaba ya karɓi sadaki, kawun da ya biya kuɗin makaranta ko mijin uwar da ya yi jinyar ƙyanda yana can baya cikin jama'a. Namijin kuma yakan zo yana ɗan shekara goma sha takwas, da sunan kasuwa da lambar rumfa a rubuce a takarda, yana tambaya layi-layi har a nuna masa. Yakan durƙusa ya gaida uban da ladabi, a kawo masa ruwa, a yi ta mamakin yadda ya girma, ya karɓi abin da ya zo nema, sannan ya yi sallama kafin la'asar don ya samu motar komawa gidan da ya tashi.